William Marshal, Earl na Pembroke: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Rayuwarsa da Zuriyarsa

Wane ne William Marshal?

William Marshal basarake ne na Ingila wanda aka haifa a wajejen shekarar 1146 ko 1147, ya kuma rasu ranar 14 ga Mayu, 1219, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ya yi barantaka a ƙarƙashin sarakuna biyar na gida ɗaya, wato Henry Ƙarami, wanda aka naɗa tun mahaifinsa yana da rai, da Henry na Biyu, da Richard na Ɗaya, da John, da Henry na Uku. Ya taso ba shi da gadon ko taki ɗaya na ƙasa, amma kafin ya bar duniya ya zama Earl na Pembroke, ya mallaki ƙasashe a Ingila da Wales da Ailan da Nomandi, wadda ke arewacin Faransa, har riƙon sarautar Ingila baki ɗaya ya dawo hannunsa. Earl a wancan zamani muƙami ne na manyan hakimai waɗanda ba su da yawa, kuma ba wanda yake gaba da su sai sarki.

Marshal sunan gidansu ne, ko kuwa sarauta ce?

Sarauta ce da ta rikiɗe ta zama suna. Asalin kalmar yana nufin mai kula da dawaki, wato kusan abin da ake kira Shamaki a fadojin Hausa. Da tafiya ta yi tafiya, aikin ya haɗa da tsare tsari a fada da lissafin baraden da suka fito yaƙi. Kakan William, Gilbert, shi ne ya riƙe muƙamin a fadar Henry na Ɗaya, ɗansa John ya gaje shi, daga nan ya faɗa hannun yayan William, shi ma mai suna John. William bai samu muƙamin ba sai da yayan nan nasa ya rasu a 1194, kuma a lokacin ya riga ya fi ƙarfin sarautar, domin abin da aure ya kawo masa ya ninka gadon gidansu sau da yawa.

Su wane ne iyayensa?

Mahaifinsa, John Marshal, ƙaramin basarake ne a yankunan Wiltshire da Berkshire, mutum mai ƙarfin hali da ƙarancin tausayi. Ya yi tashensa a lokacin yaƙin basasar da aka yi tsakanin Sarki Stephen da Matilda, 'yar Henry na Ɗaya, a kan gadon sarauta, rikicin da bai lafa ba sai a 1153. Da fari John yana tare da Stephen, daga baya ya koma ɓangaren Matilda. A 1141, a Wherwell, abokan gaba suka cinna wa majami'ar da ya fake a ciki wuta, dalmar rufin ta narke ta zubo masa a fuska, ya rasa ido ɗaya, amma bai miƙa wuya ba.

Darajar jinin William ta fi ƙarfi ta wajen uwa. Mahaifiyarsa Sybil 'yar'uwar Patrick ce, wanda ya zama Earl na Salisbury, kuma kakanta Edward na Salisbury yana cikin manyan masu ƙasa da aka rubuta a babbar ƙidayar ƙasashe da dukiyoyin Ingila ta 1086. John ya daɗe suna gaba da Patrick, maƙwabcinsa da ya fi shi ƙarfi, kuma hanyar sulhun da aka samu ita ce John ya rabu da matarsa ta fari ya auri Sybil. Matar farin ta haifa masa maza biyu, Gilbert da Walter. Sybil ta haifi John, sannan William, sai Anselm da Henry, wanda ya zama bishop na Exeter. Ke nan William shi ne namiji na huɗu a ɗakin uba, na biyu a ɗakin uwa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin kusan kowace ƙofa da ta buɗe wa William a ƙuruciya dangin uwarsa ne suka buɗe ta.

Da gaske ne mahaifinsa ya bar shi a hannun abokan gaba don a kashe shi?

Haka labarin ya zo a tarihin rayuwarsa. A 1152 Sarki Stephen ya kewaye sansanin John da ke Newbury. John ya nemi a tsagaita wuta, ya ba da William, yaro ɗan kimanin shekara biyar, a matsayin garkuwa cewa zai cika alkawari. Maimakon haka sai ya yi amfani da sararin ya ƙara wa sansanin mayaƙa da abinci. Da aka aika masa cewa za a rataye yaron, sai ya amsa cewa har yanzu yana da masaba da uwar maƙera da zai ƙera 'ya'yan da suka fi wannan.

An kai yaron gindin igiya, an kuma yi barazanar ɗora shi a kan majajjawar jifan ganuwa a cilla shi cikin sansanin ubansa. Shi kuwa bai san abin da ake ciki ba, ya ɗauka lilo ne, har yana roƙon a ba shi mashin wani basarake ya yi wasa da shi. Stephen ya kasa. An ce daga baya ma an ga sarkin zaune a tantinsa yana wasan barade da yaron da karan ciyawa. Masu tarihi sukan zargi Stephen da sanyin hali, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai wannan sanyin halin ne ya bar wa Ingila mutumin da zai ceci gidan sarautarta bayan shekara 65.

Me ya sa bai gaji komai ba, kuma yaya aka yi ya zama barde?

Al'adar manyan gidajen Ingila a lokacin ita ce babban ɗa namiji ya ɗauki ƙasar gado kusan gaba ɗaya, don kada ta tsinke. Ƙanne sai dai su shiga aikin coci ko su ɗauki takobi su nemi ubangida. Yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku aka tura William Nomandi, gidan William de Tancarville, ɗan'uwan mahaifiyarsa, inda ya koyi hawa da riƙon mashi da zaman fada. Mutanen gidan ba su ga alamar girma a tare da shi ba. Abin da suka sani shi ne yana da ci da barci, har suka laƙaba masa sunan da yake nufin mai cinye nama.

An ɗaura masa takobin barde a 1166. A gumurzunsa na farko, a garin Drincourt, ya yi faɗa sosai amma aka kashe masa doki, bai kuma kama kowa da zai karɓi fansa a kansa ba, sai da ya sayar da alkyabbarsa ya sayi wani dokin hawa. Darasin ya zauna masa: jarumtar da ba ta kawo riba ba ta ciyar da barde.

A 1168 ya bi kawunsa Patrick zuwa Poitou, suna rakiyar Sarauniya Eleanor, matar Henry na Biyu. 'Yan gidan Lusignan, wasu manyan yankin da suka yi tawaye, suka yi musu kwanton ɓauna, suka kashe Patrick, suka soki William a cinya suka tafi da shi. Eleanor ce ta biya kuɗin fansarsa, ta ba shi dawaki da makamai. Bayan shekara biyu, a 1170, aka sa shi ya zama mai koya wa ɗanta Henry Ƙarami sarrafa makamai, kuma daga nan ya shiga cikin gidan sarauta bai sake fita ba sai na ɗan lokaci.

Mene ne wasan baraden da ya yi suna a kansa?

Kada a ɗauka hawa ne na ado, ko karon mutum biyu a gaban 'yan kallo. A ƙarni na 12 wasan barade ƙaramin yaƙi ne: ɗaruruwan mahaya sukan rabu gida biyu, su yi karo a fili mai faɗin mil da dama, da sulke da kwalkwali da makamai na gaske. Manufar ba kisa ba ce, kamu ne. Wanda ka kama, dokinsa da sulkensa sun zama naka, sannan ya biya fansar kansa. Da yake Henry na Biyu ya hana wasan a Ingila, a arewacin Faransa ake yin sa.

William ya mayar da shi sana'a. Akwai lokacin da suka yi haɗin gwiwa da wani barde mai suna Roger, a cikin wata goma suka kama barade 103, kuma akawun gidan ubangidansu ne ya rubuta lissafin. Wata rana aka neme shi don a ba shi kyautar gwarzon fili, sai aka same shi a maƙera, ya ɗora kansa a kan uwar maƙera, maƙeri yana ta fama da guduma da awartaki don ya cire masa kwalkwalin da duka ya lanƙwashe a kansa. A gadon ajalinsa ya ce ya kama barade kusan 500 a rayuwarsa.

Me ya kai shi Ƙudus?

Wasiyya ce. Henry Ƙarami ya ɗauki alkawarin zuwa Ƙudus, amma ciwo ya kama shi yana tsakiyar tawaye ga mahaifinsa, ya rasu a Martel ranar 11 ga Yuni, 1183. Kafin ya cika ya damƙa wa William mayafinsa mai alamar gicciye, ya ce ya kai masa. William ya yi kusan shekara biyu a can, ya dawo kafin yaƙin Hattin na 1187, wanda bayansa Salahuddin al-Ayyubi ya karɓi birnin. Abu biyu ya dawo da su: alkawarin cewa zai mutu a cikin ƙungiyar baraden Haikali, wato baraden Kirista da suka keɓe kansu don ibada da yaƙi, da ƙyallayen siliki da ya saya don likkafaninsa, waɗanda ya ɓoye fiye da shekara talatin.

Yaya barde marar ƙasa ya auri ɗaya daga cikin manyan magada na zamaninsa?

A tsarin lokacin, idan basarake ya mutu ya bar 'ya mace ita kaɗai a matsayin magajiya, sarki ne waliyyinta, shi yake zaɓa mata miji, kuma mijin ne zai riƙe ƙasarta. Da irin wannan aure sarakuna suke saka wa amintattun barorinsu ba tare da sun taɓa taskarsu ba. Bayan dawowarsa daga Ƙudus William ya shiga hidimar Henry na Biyu, wanda ya fara ba shi ƙasar Cartmel, daga baya ya yi masa alkawarin Isabel de Clare.

Saura ƙiris alkawarin ya tashi a banza. A watan Yuni na 1189 Richard, ɗan sarkin, ya haɗa kai da Sarkin Faransa Philip na Biyu suka kori tsohon daga Le Mans. Richard ya biyo bayan mahaifinsa da sukuwa ba tare da sulke ba, William kuwa yana tsare bayan ayarin. Da suka yi kiciɓis, Richard ya yi ihu kada a kashe shi tunda ba shi da sulke. William ya amsa cewa shi ba zai kashe shi ba, ya bar wa Shaiɗan wannan aikin, sai ya soke dokin da mashi. Ba a yi wata guda ba Henry ya rasu a Chinon, ranar 6 ga Yuli, Richard ya zama sarki. Kowa ya zaci William ya shiga uku. Richard kuwa ya gane cewa wanda ya tsaya wa uba har ƙarshe zai tsaya wa ɗa, sai ya tabbatar masa da auren. An ɗaura a Landan a wannan bazarar, ango ya haura arba'in, amarya tana wajen sha bakwai. Laƙabin Earl na Pembroke kuwa sai a 1199 Sarki John ya ba shi.

Wace ce Isabel de Clare?

Mahaifinta Richard de Clare ne, wanda aka fi sani da Strongbow, basaraken da ya jagoranci shigar baraden Ingila cikin Ailan a 1170. Mahaifiyarta Aoife 'yar Diarmait Mac Murchada ce, Sarkin Leinster, wanda ya gayyato Strongbow don ya taya shi ƙwato sarautarsa, ya kuma ba shi 'yarsa. Strongbow ya rasu a 1176, ɗansa Gilbert ya bi shi tun bai balaga ba, gado ya tattaru a kan Isabel: Chepstow a bakin iyakar Wales, haƙƙin Pembroke, yankin Leinster, sannan rabin gadon gidan Giffard, wanda ya haɗa da Longueville a Nomandi da Caversham a Ingila.

Kuskure ne a ɗauke ta a matsayin takardar mallakar ƙasa kawai. A 1207, da John ya kira William Ingila ya tsare shi a fada, wakilin sarki a Ailan, Meiler FitzHenry, ya far wa Leinster. Kafin tafiyarsa William ya tara mutanensa a Kilkenny ya nuna musu Isabel, tana da ciki a lokacin, ya tuna musu cewa ita ce jikar sarkinsu, shi ba shi da komai a ƙasar sai ta dalilinta. Ita da baradensa suka riƙe ƙasar, suka kama Meiler. Da mijin ya dawo ya yi wa waɗanda suka ci amana sassauci, an ce ba ta ji daɗin hakan ba. A zamaninsu aka kafa garin New Ross mai tashar jiragen ruwa, aka gina gidan dutse na Kilkenny da doguwar hasumiyar Pembroke mai siffar da'ira.

Idan shi mai biyayya ne haka, me ya haɗa shi da Sarki John?

Da Richard ya rasu a 1199, William yana cikin waɗanda suka goyi bayan John a kan Arthur na Brittany, ɗan yayan John, duk da babban bishop Hubert Walter ya gargaɗe shi cewa zai yi nadama. Ɓarakar ta zo ne bayan Faransa ta ƙwace Nomandi a 1204. An ce wa masu ƙasa a ɓangarorin biyu kowa ya zaɓi ubangida ɗaya. William bai so ya rasa Longueville ba, sai ya yi wa Philip caffa a kan ƙasarsa ta Nomandi, kuma a 1205 ya ƙi bin John yaƙi da Faransa. A nan dai dole a faɗi gaskiya: biyayyar William ta gaske ce, amma ba ta taɓa hana shi lissafin abin da zai bar wa 'ya'yansa ba. John ya karɓi manyan 'ya'yansa biyu, William da Richard, a matsayin garkuwa, wato abin da ya faru da uban yana yaro ya maimaitu a kan 'ya'yan. William ya koma Ailan ya yi shekaru ba ya cikin 'yan gaban goshi.

Da manyan ƙasa suka juya wa John baya, sai ya nemi tsohon. William ya dawo, kuma a yarjejeniyar Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, wadda aka ƙulla a Runnymede ranar 15 ga Yuni, 1215, sunansa ne na farko a jerin mashawartan sarki waɗanda ba malaman coci ba. Babban ɗansa kuwa yana ɓangaren 'yan tawaye, cikin mutum 25 da aka ɗora wa tilasta wa sarki cika yarjejeniyar. Akwai masu ganin dabara ce ta gida, don ko wane ɓangare ya ci, gidan Marshal bai faɗi ba.

Me ya yi a matsayin mai riƙon sarauta?

John ya rasu a Newark a watan Oktoba na 1216, ya bar yaro ɗan shekara tara, alhali Yarima Louis na Faransa yana riƙe da Landan da yawancin gabashin ƙasar, tare da goyon bayan 'yan tawaye. An naɗa Henry na Uku a Gloucester ranar 28 ga Oktoba, aka ɗora wa William riƙon sarki da ƙasa. A watan Nuwamba, a Bristol, ya sake fitar da Magna Carta da hatiminsa da na Guala, wakilin Fafaroma. Wannan mataki ne mai zurfi, domin takardar da John ya yi watsi da ita, Fafaroma kuma ya soke, ita ce yanzu gidan sarauta ya ɗauka da kansa, sai 'yan tawaye suka rasa hujjarsu.

Ranar 20 ga Mayu, 1217, ya jagoranci runduna zuwa Lincoln, inda wata dattijuwa, Nicola de la Haye, ta daɗe tana tsare gidan ganuwar garin wa sarki. Tsoho ɗan shekara saba'in ya zabura zai shiga gari har ya manta kwalkwalinsa, sai da wani yaronsa ya tsayar da shi. An kashe jagoran Faransawa, Thomas na Perche, aka kama da yawa daga manyan 'yan tawaye. A watan Agusta aka tarwatsa jiragen agajin Louis a gaɓar Sandwich, a watan Satumba aka yi sulhu, aka yi wa Louis alkawarin kuɗi mak 10,000 (mak ma'aunin kuɗi ne na lokacin) ya koma gida, aka kuma yafe wa 'yan tawaye. Wasu sun ga sassaucin ya yi yawa, amma ƙasar da taskarta ta bushe ba ta da ƙarfin ci gaba da yaƙi.

Yaya rasuwarsa ta kasance?

Ciwo ya kama shi a farkon 1219. A watan Maris aka ɗauke shi a jirgin ruwa ta kogin Thames zuwa gidansa na Caversham, inda ya yi kusan wata biyu yana sallama da duniya a tsanake. Ya miƙa riƙon sarki ga wakilin Fafaroma, ya aika aka ɗauko ƙyallayen silikin nan, ya yi bankwana da Isabel, aka lulluɓe shi da farin mayafin baraden Haikali. Da aka ce masa malaman coci suna cewa sai ya mayar da abin da ya ci a wasan barade kafin ya samu rahama, ya ce malaman sun cika tsanani, domin abin ba zai mayu ba. Da wani ya ba da shawarar a sayar da rigunan alfarma da ke taskarsa a yi sadaka, ya tsawata masa, ya ce baradensa suna da haƙƙin rigunansu na idi, kuma wannan ne karo na ƙarshe da zai ba su. Ya kuma sa 'ya'yansa mata biyu, Maud da Joan, suka yi masa waƙa. An binne shi a cocin Temple da ke Landan, inda gunkin dutse da ake dangantawa da shi yake har yau, ko da yake bama-baman 1941 sun lalata shi. Isabel ta bi shi a 1220, aka binne ta a Tintern.

'Ya'ya nawa ya bari, kuma me ya faru da mazan?

Goma ya bari, maza biyar, mata biyar, kuma duk wanda ya ga gidan a 1219 zai rantse cewa sunan Marshal ya kafu ke nan. Cikin shekara 26 mazan suka ƙare, ba wanda ya bar magajin halal. William, babban ɗa, ya auri Eleanor, ƙanwar Henry na Uku, a 1224, ya rasu a 1231; ita ce daga baya ta auri Simon de Montfort. Richard ya gaje shi, ya yi tawaye ga sarki saboda baƙin da suka mamaye fada, aka ji masa rauni a filin Curragh na Ailan ranar 1 ga Afrilu, 1234, ya rasu a Kilkenny bayan mako biyu. Gilbert, wanda da fari aka shirya shi don aikin coci, ya auri Marjorie, 'yar Sarkin Sikotilan, ya mutu a 1241 a wasan barade kusa da Hertford, linzami ya tsinke, doki ya kayar da shi ya ja shi a ƙasa. Wasan da ya ɗaga uban shi ya kashe ɗan. Walter ya rasu a watan Nuwamba na 1245, auta Anselm ya bi shi a watan Disamba, tun ba a kai ga tabbatar masa da sarautar ba.

Mene ne gaskiyar maganar la'anar bishop?

Marubucin tarihi Matthew Paris ne ya kawo ta. Ya ce William ya ƙwace gandaye biyu na cocin Ferns a Ailan, bishop na wurin ya yi ta neman a mayar, da uban da 'ya'yan suka ƙi, sai ya yi baki cewa sunansu zai shafe cikin tsara ɗaya kuma gadonsu zai watse. Rikicin gandayen ya faru da gaske. Sai dai Matthew ya rubuta labarin ne bayan mazan sun riga sun ƙare, kuma faɗin abin da zai faru bayan ya faru ba wuya ba ne.

To ta ina zuriyarsa ta ci gaba?

Ta wajen mata. Dokar da ta ba babban ɗa komai, ita ce kuma ta ce idan babu namiji 'ya'ya mata su raba daidai. A 1247 aka kasa dukiyar kashi biyar, kuma a cikin matan Maud ce kaɗai take da rai, sauran 'ya'yansu ne suka karɓa. Leinster kanta an yanka ta biyar: Carlow, Kilkenny, Kildare, Wexford da Dunamase.

Maud, babbarsu, ta auri Hugh Bigod, Earl na Norfolk, kuma ta dalilinta sarautar Marshal ta koma gidan Bigod. Da wannan gida ya ƙare a 1306 sarautar ta koma hannun sarki, ta bi ta Thomas na Brotherton da gidan Mowbray har ta zauna a gidan Howard. Duke na Norfolk na yanzu shi ne yake riƙe da ita, kuma shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022 da bikin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.

Isabel ta auri Gilbert de Clare, Earl na Gloucester, daga baya ta auri Richard na Cornwall, ƙanen sarki. 'Yarta ta auri Robert de Brus na Annandale, kuma jikan wannan 'yar shi ne Robert Bruce, Sarkin Sikotilan da ya ci Ingilawa a Bannockburn a 1314. Sibyl ta auri William de Ferrers, ta haifi mata bakwai, kasonta ya sake dagargajewa bakwai. Eva ta auri William de Braose, wanda Llywelyn na Wales ya rataye a 1230. 'Yarta Maud ta shiga gidan Mortimer, kuma ta nan jinin ya kai ga Edward na Huɗu da sarakunan da suka biyo bayansa. Auta Joan ta auri Warin de Munchensi, 'yarsu ta auri William de Valence, ɗan'uwan Henry na Uku ta wajen uwa, Pembroke ta faɗa hannunsa. Shi kuwa Valence ɗan gidan Lusignan ne, gidan da ya kashe Patrick ya kuma kama William a 1168.

Daga ina aka samo waɗannan bayanai, kuma za a iya gaskata su?

Yawancin labaran rayuwarsa sun fito ne daga wata doguwar waƙa mai layi 19,214 da aka tsara da Faransancin fada, aka kammala a wajejen 1226. Babban ɗansa ne ya ɗauki nauyinta, kuma marubucin ya dogara da abin da John na Earley, tsohon yaron William, ya tuna. Kwafi ɗaya tak ya tsira. Masanin Faransa Paul Meyer ya fara ganinsa a wani gwanjo a Landan a 1861, sai bayan shekara 20 ya sake gano inda yake, kuma yanzu yana ɗakin karatu na Morgan a birnin New York. Tunda 'yan gida ne suka biya, waƙar takan yi sauri ta wuce inda gwarzonta bai yi kyau ba, kuma maganganun da ta sa a bakinsa an rubuta su ne bayan shekaru. Ranakun naɗi da aure da rabon gado kuwa, takardun fada da na majami'u sun tabbatar da su.